Waƙa Ta Zaga Gari, Ina Rabon Mai Ita?

Shirinmu na musamman a yau ya leƙa arewa maso yammacin Jihar Jigawa: Kazaure da Roni da Gwiwa, har Babura ta bakin iyaka, inda matasa ke rera waƙa ba kamfani a bayansu, ba kuma ubangida.

Mu fara da rumfar mai caji ranar kasuwa. Janareto na ƙugi, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga kwamfuta a gefe. Yaro ya miƙa memori ya ce, "Malam, a tura min sababbi." Ya biya 'yan canjinsa ya wuce. Waƙar da aka tura a Babura, kafin mako ya zagayo ana jin ta a Magarya da Damagaram cikin Jamhuriyar Nijar. Mai turi ya samu, mai caji ya samu. Shi kuwa wanda ya sayar da akuyarsa ya hau mota zuwa situdiyo a Kano, ko sisi bai gani ba.

A zamanin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Dakta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, lissafin a fili yake. Ka yi wa basarake ko attajiri waƙa, ya ba ka riga, ko doki, ko mota, ko kujerar Makka. Da kaset da faifan CD suka zo, sai mawaƙi ya riƙa kai kundinsa wajen 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a biya shi sau ɗaya. Wayar hannu ta zo ta rushe wannan ciniki.

To yau daga ina kuɗin ke fitowa? Mafi kusa shi ne biki. Ango ko ƙawayen amarya su ba da sunaye, a yi waƙa, ranar kamu ko dina a yi wa mawaƙi liƙi. Sai waƙar tallan shago, sai ta siyasa. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi magoya bayan Shugaba Buhari su tura masa naira 1,000 kowannensu kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma mutane suka tura. Amma Rarara ɗaya ne, zaɓe kuma sai bayan shekara huɗu, ga shi wanda aka yi wa waƙar in ya faɗi, sau da yawa cikon kuɗin ma ya bi ruwa. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa a karɓi kafin alƙalami tun ba a shiga situdiyo ba.

Duk waɗannan kuɗi ne na ci yau. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, masu sauraro, shi ne yadda yaranmu ke rabuwa da mallakar waƙar kanta. Manomin Gwiwa yakan sayar da gero da riɗi, amma ba ya haɗawa da gonar. Mawaƙi kuwa sai wani mai tashar YouTube ya ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɗora waƙar a tasharsa, ya yi ta karɓar kuɗin talla shekara da shekaru.

Doka na tare da mai waƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sayar da haƙƙi kacokan ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin baituka da karin waƙa kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato gado ne na 'ya'ya da jikoki. Akwai ƙungiyar MCSN da hukuma ta amince ta karɓo wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal, amma ba ta san da kai ba sai ka yi rajista.

Kan batun intanet, kada a yaudare ku. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba. Kallon da aka yi daga Saudiyya ko Ingila ya fi na gida kawo kuɗi, don haka Hausawan da ke zaune a waje ba abin rainawa ba ne. Tafiya ce ta haƙuri. Amma ku dubi "Jaruma" ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona: mata suka yi ta ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa da ita, waƙar ta game ƙasa. Ranar da irin wannan sa'a ta zo wa ɗan Roni, tambayar ita ce tashar wa mutane za su je nema.

Mai turi fa ba abokin gaba ba ne a ganina. Shi ke kai muryarka ƙauyen da sabis ba ya kaiwa. Ka kai masa waƙar da hannunka, amma bayan ka ɗora ta a tasharka, kuma ka ambaci sunanka da lambar wayarka a cikinta, don mai biki ya san inda zai same ka.

Sai maganar situdiyo. Kafin a kunna makirfo, ku zauna da mai kiɗa: an biya shi ladan aikinsa ne an sallame shi, ko yana da kaso a waƙar? In da 'yar amshi, nawa ne nata? A rubuta a takarda da Hausa, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. In an gama, ka karɓi asalin fayil ɗin waƙar, mai murya da kuma na kiɗa zalla, ka adana a wuri biyu, domin kwamfutar situdiyo tana lalacewa.