Sandunan Kiɗan Ganga: Abin Da Makaɗa Ke Dubawa Kafin Su Saya

A cikin kayan kiɗan zamani da ake shigowa da su ƙasar nan sandar kiɗa tana cikin mafi araha, kuma tana cikin abubuwan da ake yawan komawa kasuwa a sake saye. Jerin ganguna kan yi shekaru a majami'a ko a hannun ƙungiyar mawaƙa ba a canza shi ba, amma sanda takan karye ko ta cinye cikin 'yan makonni idan makaɗin mai ƙarfin hannu ne. Saboda haka ɗan kasuwar da ke sayar da kayan kiɗa, a kasuwar Alaba ta Legas yake ko a wani gari, ya kamata ya san abin da ke bambanta wannan sanda da waccan, domin makaɗin da ya saba da iri ɗaya da wuya ya karɓi wani, ko da an rage masa kuɗi.

Abu na farko shi ne lamba da harafin da ake bugawa a jikin sanda, kamar 7A da 5A da 5B da 2B. Ƙa'idar tana da ɗan rikitarwa, domin ƙaramar lamba ita ke nuna sanda mai kauri. A ma'aunin kamfanin Vic Firth, 7A tana da kaurin inci 0.540, 5A tana da 0.565, 5B tana da 0.595, ita kuwa 2B ta kai 0.630. Tsawonsu duka bai yi nisa da inci 16 ba. A ido bambancin kamar ba kome ba ne, amma hannun da zai yi sa'o'i uku yana kiɗa yana jin sa sarai. Masu kiɗan jaz da masu kiɗa a ƙananan ɗakuna sun fi son 7A saboda rashin nauyinta. Masu kiɗa mai ƙara a manyan filaye kan nemi 5B ko 2B. Ita 5A tana tsakiya, ita ce aka fi saye, kuma da ita malamai kan fara wa ɗalibai. Wanda jarinsa bai kai ya tara kowane iri ba, da ita ya kamata ya soma. Sai dai a lura, babu wata doka da ta daidaita waɗannan lambobi tsakanin kamfanoni, don haka 5A ta wani kamfani tana iya ɗan bambanta da ta wani.

Abu na biyu shi ne itace. Mafi yawan sanduna masu daraja da itacen hikori ake yin su, wanda ke tsirowa a gabashin Amurka. An zaɓe shi ne saboda yana shanye girgizar duka kafin ta isa wuyan hannu, kuma yana jure wahala. Itacen mafal ya fi shi sauƙin nauyi, abin da ke ba makaɗi damar riƙe sanda mai kauri ba tare da ta gajiyar da shi ba, amma ya fi saurin karyewa. Itacen ok na Japan kuwa ya fi duka nauyi da tauri. Da shi kamfanin ProMark, wanda Herb Brochstein ya kafa a birnin Houston a 1957, ya yi suna. Yana daɗewa, amma wasu makaɗa na kukan cewa yana mayar musu da girgiza cikin hannu. Akwai kuma sandunan alminiyam na kamfanin Ahead, waɗanda Lars Ulrich na ƙungiyar Metallica ya shahara da su, sai dai tsadarsu ta sa masu sayensu ba su da yawa.

Kan sanda ma yana da nasa bayani. A 1958 Joe Calato ya fito da kan sanda na roba mai tauri, wato nailon, domin kan itace yakan ɓantare bayan ɗan lokaci. Kan nailon yana fitar da ƙara mai kaifi a kan farantan tagulla kuma ba ya saurin lalacewa, amma har yau akwai makaɗa da yawa da ba sa yarda da kome sai kan itace, saboda sautinsa ya fi taushi. Haka nan wuyan sanda: idan ya sirance tun daga nesa, sandar takan yi tsalle ta dawo hannu da sauƙi, idan gajere ne mai kauri, ta fi ƙarfin duka da jimiri.

Labarin Vic Firth kansa abin lura ne ga 'yan kasuwa. Makaɗi ne a ƙungiyar kiɗa ta birnin Boston, wanda sandunan kasuwa ba su gamsar da shi ba, sai ya fara yin nasa a 1963. Abin da ya ɗaukaka kamfanin shi ne haɗa kowace sanda da 'yar'uwarta mai nauyi ɗaya da sauti ɗaya kafin a sayar. A 2010 kamfanin ya haɗe da Zildjian mai ƙera farantan tagulla, kuma a 2011 kamfanin D'Addario ya sayi ProMark. Wato manyan sunayen wannan sana'a sun koma hannun 'yan kamfanoni kaɗan, kuma da dalar Amurka ake sayen kayansu.

Nan ne batun ya shafi aljihunmu. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake wa naira mara a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi ya bi sahu. A irin wannan hali jabun kaya kan samu kasuwa, domin buga sunan babban kamfani a jikin itace marar inganci ba abu ne mai wuya ba. Ƙwararren makaɗi yana da hanyar ganewa. Yakan gangara sandar a kan tebur mai santsi, idan ta yi rawa to ta karkace. Yakan ƙwanƙwasa kowace ɗaya kusa da kunne ya ji ko sautinsu ya zo ɗaya. Yakan kuma duba jijiyar itacen, domin wadda ta tafi a miƙe daga gindi zuwa kai ta fi wadda ta karkata ƙarfi. Mai shago ya kamata ya yi wannan gwaji kafin ya karɓi kaya daga dillali, ba sai mai saye ya yi masa a gaban jama'a ba.

Ajiya ma tana iya jawo asara. Itace yana shan laima yana kuma bushewa, don haka kwalin da ya kwana a danshin Legas aka kai shi arewa cikin hunturu yana iya fitowa da sanduna karkatattu. A ajiye su a kwance, nesa da rana da jikin bango mai danshi.