Yadda Birni Ya Haɗiye Tukur-Tukur

Masana tarihin ƙasar Zazzau sun yi ittifaƙi a kan cewa mazaunanta na farko sun fi zama a gindin duwatsu, irin su Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur, domin dutse mafaka ne ranar yaƙi, ƙasar da ke gindinsa kuwa ba ta cika rasa damshi ba. Saboda haka Tukur-Tukur, wadda yaran yau suka ɗauka unguwa ce kawai cikin unguwannin Zariya, tana da asali mai nisa, kuma ta daɗe tana zaman ƙauye mai gonakinsa.

Sababin farko na sauyawarta shi ne ɗab'i. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan, bisa himmar Dokta Rupert East, wanda ya yi nufin tara marubuta da masu aikin injin bugu wuri guda. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta sami mazauni, aka kuma ƙara da jaridar Nigerian Citizen a 1948. Da kwalejin da aka assasa a Katsina, wadda ake kira Barewa yanzu, ta taso daga Kaduna zuwa wannan yanki a 1949, sai malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa suka biyo baya, gona ta fara zama fegi. Yawan jama'a da rabon gado suka ƙarasa sauran, domin magadan da suka tarar fili ya fi hatsi daraja ba safai suke haƙurin noma shi ba.

Alherin da wannan ya haifar ba ya ɓoyuwa, kuma rashin adalci ne a raina shi: ilmi ya shigo, sana'o'i sun yawaita, littattafan da aka buga a nan sun isa ko'ina ake karanta Hausa da boko. Amma a ganina hasarar ta fi zurfi fiye da yadda ake zato, domin ta zo hawa biyu. Da aka mayar da harkar jarida Kaduna bayan kafa jaridar New Nigerian a 1966, martabar wurin ta ragu, har aka wayi gari mutum yana bin Titin Gaskiya kullum bai san dalilin sunan ba. Wannan hawa na farko, alhamdu lillahi, yana da magani, tunda tarihin ɗab'in yana rubuce. Tarihin da ya gabace shi kuwa, wato sunayen gonaki da iyakokinsu, da nasabar gidajen farko, da labarin dutsen kansa, yawancinsa a ƙirjin dattawa yake, kuma baƙon da ya sayi fegi ba shi da dalilin tambayarsu, 'ya'yansu ma da yawa aiki ya kai su Kaduna da Abuja.