Yarinyar da Aka Ƙwace wa Suna

Bayan fitowar Princess Mononoke a 1997, Hayao Miyazaki, gwanin finafinan zane na Japan, ya ce ya ajiye aiki. Bai daɗe a zaune ba. Wasu yara mata ’yan shekara 10, ’ya’yan abokansa, sukan je hutu gidansa na kan dutse. Ya ɗauki mujallun zane da ake bugawa don sa’o’insu ya duba, ya tarar kusan duk soyayya ce. Sai ya ƙudura yi musu fim da jarumarsa za ta zama irinsu: ba kyakkyawa ta a zo a gani ba, ba mai tsafi ba, yarinya mai ƙunƙuni da tsoro.

Fim ɗin, wanda duniya ta sani da Spirited Away, ya fito daga kamfanin Ghibli a watan Yulin 2001. Chihiro da iyayenta sun yi ɓatan kai sun faɗa garin iskoki. Iyayen suka afka wa abincin da ba nasu ba, suka rikiɗe aladu. Don ta tsira, dole ta nemi aiki a gidan wankan iskoki wurin wata tsohuwar matsafiya, Yubaba. Tana sa hannu a takardar yarjejeniya, tsohuwar ta kwashe haruffan sunanta ta bar mata guda, ta ce daga yau sunanki Sen, wato dubu. Washegari har yarinyar ta fara mance sunanta na yanka, sai da ta gan shi rubuce a katin ban kwana da aka ba ta.

Wanda ya gargaɗe ta shi ne Haku, yaron Yubaba, wanda ya riga ya rasa nasa sunan, don haka bai san hanyar gida ba. A nan ne, a ganina, Miyazaki ya fi nuna gwaninta. Haku ashe iskan wani kogi ne, Kohaku, wanda aka cike aka gina gidaje a kansa. Yaya zai tuna ko shi wane ne, alhali an shafe inda ya fito? Chihiro ce ta tuna masa, domin ta taɓa faɗawa kogin tana ƙarama. Sunansa a bakin wani ya rage.

Batun kogi kuwa ba ƙage ba ne. Miyazaki ya taɓa shiga aikin gayya na yashe wani kogi, suka jawo keke daga cikin laka. Keken nan ya shiga fim, ana zaro shi daga jikin wani iska mai wari.

Fim ɗin ya ture Titanic a cinikin sinimomin Japan, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2002, sannan Oscar a Maris 2003. Miyazaki bai je karɓa ba. Sai a 2009 ya faɗi dalili: bai so ya taka ƙasar da ke ruwan bama-bamai a Iraƙi a lokacin ba. Babu fim ɗin da ya kamo cinikin Spirited Away a Japan sai a Disamban 2020, lokacin da Demon Slayer ya sha gabansa.