Taruwar jini kewaye da huhu: batun suna da ma'ana

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata lalura da maganin hana daskarewar jini kan haddasa, tare da kalmomin da suka dace a yi wa majinyaci bayani da su.

2. Sunan maganin

Mutane kan ce "maganin tsinka jini". Sunan yana da ruɗi, domin kunu ake tsinkawa da ruwa. Maganin ba ya ƙara wa jini ruwa, jinkirta daskarewarsa yake yi. Warfarin, wanda aka amince a bai wa ɗan Adam a 1954, da Sintrom suna tauye aikin bitamin K cikin hanta. Heparin kuwa allura ce. Ana bin aikin na farkon biyu da awon INR, wanda galibi ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya zarce, hatsari ya ƙaru, musamman ga mai haɗawa da aspirin ko diclofenac.

3. Sunan lalurar

Tantani biyu ne ke lulluɓe da huhu, da ɗan ruwa kaɗan tsakaninsu. A nan ne jinin ke taruwa, ya danne huhu ya hana shi buɗewa. Saboda haka "kewaye da huhu" ya fi "cikin huhu" daidai. Haka nan "zubar jini" na sa mai sauraro ya jira ganin jini a waje, alhali wannan jinin ba ya fita ko da tari. Mun fi son "taruwar jini". Tarin fuka ma na tara ruwa a wurin. Sai an zuƙo ruwan an auna ake rarrabewa.

4. Abin da za a gaya wa majinyaci

Alamomin su ne ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, jiri da bugun zuciya da sauri. Wanda ya ji su ya garzaya asibiti da kwalin maganinsa. Likita kan dakatar da maganin, ya ba da makarinsa (bitamin K, ko protamin ga heparin), ya sa tiyo ya janye jinin.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar "maganin hana daskarewar jini" da "taruwar jini kewaye da huhu". Sun fi tsawo, amma ba su sa majinyaci zaman jiran jinin da ba zai gani ba.