Gammon da ke ƙarƙashin akori-kurar lantarki

Direban da ya saba da motar dizal yakan yi watanni yana yawo da ciwon ƙafar mota bai sani ba, domin rugugin inji ya toshe masa kunne. Mai tuƙa akori-kurar lantarki ba ya samun wannan rufin asiri. Motarsa shiru take tafiya, don haka duk abin da ya motsa a ƙarƙashi sai ya ji shi. Ya miƙa saƙo a ƙofar wani gida, ya taka totur zai tashi, sai ya ji "gim" daga baya. Ya ɗaga ƙafa zai tsaya a ƙofa ta gaba, ya sake jin "gim". Idan ya hau babban titi kuma, bayan motar ya riƙa karkata kamar yana da nasa sitiyarin. Sau da yawa ba batir ba ne ya samu matsala, ba kuma kwamfutar motar ba. Wasu 'yan robobi ne guda huɗu ko makamancin haka suka gaji.

Mene ne aikin robar?

Sau da yawa ƙafafun irin waɗannan motoci ba a jikin motar kai tsaye ake ɗaure su ba. Akwai wani ƙaramin firam na ƙarfe ko alminiyam, wanda makanikai ke kira kuros memba, shi ke riƙe da hannuwan ƙafa, wani lokaci har da akwatin sitiyari ko injin da ke juya tayoyi. Wannan firam ake ɗaurewa a jikin mota da manyan kusoshi, a sa bush a kowace mahaɗa. Bush ɗin bututu biyu ne na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, an cike tsakaninsu da roba wadda aka dafa ta manne da su. Dabarar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙwari ta jure zafi da sanyi tsohuwa ce, Charles Goodyear ya yi mata rajista a Amurka tun 1844. Wasu bush ɗin na zamani har da ruwa a cikinsu, wanda ke kai-komo tsakanin 'yan ɗakuna yana shanye jijjiga.

Wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya san amfanin gammo. Ba shi ke ɗaukar kaya ba, amma in babu shi kai ne zai ji jiki, tulun ma ba zai zauna daidai ba. Haka bush yake: yana hana jijjigar hanya shiga jikin mota, yana kuma riƙe firam ɗin a mazauninsa don tayoyi su fuskanci inda ya kamata. Ayyukan nan biyu kishiyoyin juna ne. Robar da ta cika laushi za ta bar ƙafa ta yi lilo, wadda ta cika tauri kuma za ta kai wa direba kowace tsakuwa har ƙugu. Shi ya sa injiniyoyi ke barin ramuka a wasu ɓangarorin robar, ta yi laushi ta wata fuska, ta yi tauri ta wata.

Kaya uku a kan gammo ɗaya

Motocin kai saƙo masu lantarki sun yawaita a ƙasashen Turai da Amurka. Renault ya fito da Kangoo Z.E. a 2011, Nissan ya biyo da e-NV200 a 2014, a shekarar ne kuma kamfanin gidan waya na Jamus ya sayi kamfanin StreetScooter don ƙera wa kansa motocin raba wasiƙu. A 2019 Amazon ya yi odar motoci 100,000 daga Rivian, a 2022 kuma Ford ya fara sayar da E-Transit. Abin da ake tallata su da shi gaskiya ne: babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Amma ƙafar mota tana nan, kuma aikinta ƙaruwa ya yi.

Kaya na farko nauyi ne. Batirin irin wannan mota ɗaruruwan kilo ne, kuma ba a sauke shi da yamma kamar yadda ake sauke kwalaye. Nauyin ya kai har hukumomi sun taɓa dokar lasisi saboda shi: a Birtaniya mai lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, amma tun 2018 aka sassauta zuwa kilo 4,250 ga motar kaya mai lantarki.

Na biyu shi ne yadda injin lantarki ke ba da ƙarfinsa. Injin dizal sai ya ɗauki gudu, ya bi ta kuloci da giya, kafin ƙarfin ya isa taya. Na lantarki kuwa daga tsaye yake sakin ƙarfin murɗawarsa. A E-Transit, wanda injinsa ke ba da nuton-mita 430, Ford ya ajiye injin a baya, ya sauya fasalin ƙafar bayan gaba ɗaya, ya bar dunƙulallen aksil da sifirin mai falle-falle na motar dizal, ya ba kowace taya nata hannun. Duk lokacin da injin ya murɗa tayoyi gaba, shi ma yana murɗa mazauninsa baya, kuma roba ce ke tare wannan murɗa. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin ya koma janareta yana rage gudun mota yana mayar da wuta cikin batir, sai murɗar ta juya ta ɗaya fuskar. Wannan yana sa takalmin birki ya daɗe bai cinye ba, amma robar tana shan matsa gaba da baya.

Na uku yanayin aikin ne. Motar raba saƙo a birni takan tsaya ta tashi sama da sau 100 a yini, ta hau dakalin gefen titi, ta yi kwana a lungu da kaya a ciki. Ga zafi da iskar da ke busar da roba, ga mai ko giris da in ya zuba mata sai ta kumbura ta ruɓe.

Yadda ake gane ta mutu

Ban da "gim" ɗin tashi da tsayawa, taya takan cinye ta gefe ɗaya, sitiyari ya karkace ko da an yi alaimen kwanan nan. Idan aka ɗaga motar, makanike zai sa liba tsakanin firam da jikin mota ya banƙara a hankali. 'Yan ƙananan tsage-tsage a fatar roba alamar shekaru ce kawai. Abin dubawa shi ne tsaga mai zurfi, ko robar da ta rabu da bututunta, ko sheƙin ƙarfe inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ko danshi a jikin bush mai ruwa. Ya kamata a duba bush ɗin hannuwan ƙafa, da mazaunin inji, da shokozoba, domin kukansu yana kama da juna. In an tabbatar, ba a canza na gefe ɗaya a bar ɗaya. Wasu kamfanonin ma ba sa sayar da bush ɗin shi kaɗai, sai firam ɗin dungurungum.

Kafin a ɗauki sifana

A nan ne wannan aiki ya rabu da na motar fetur. Batirin E-Transit da na tsararrakinsa da yawa yana aiki ne a kan volt 400 ko kusa da haka, alhali a ƙa'idar ƙera motoci duk abin da ya haura volt 60 na wutar batir an sa shi a sahun mai haɗari. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta launin ruwan lemo ake yi musu, kuma inda injin ke zaune a kan firam, suna bi ta wurin da za a yi aikin. Sai an kashe motar an nisantar da makulli, an cire ƙaramin batir mai volt 12, an zare makatsin babbar wuta yadda littafin kamfani ya tsara, an jira ragowar wutar da ke cikin na'urori ta zube, sannan a auna da mita a ga babu komai. Mai yin wannan yana sa safar hannu ta roba mai jure volt 1,000, kuma aiki ne na wanda ya samu horo a kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuwa kuskure ɗaya ya isa.

Ɗaga motar ma da ƙa'ida. Batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashi, jak ɗin da ya kauce daga inda aka tanada zai iya lotsa akwatinsa. Idan kuma aka sauke firam mai ɗauke da inji, nauyin motar zai rinjaya gefe guda a kan abin ɗagawa, sai an ɗaure ta.

Daga nan sai a yi wa mazaunin firam alama, a tallafe shi da jak, a kwance wayoyi da tiyon ruwan sanyaya inji da na birki da za su iya miƙewa, a sassauta kusoshi a sauke shi sannu. Tsohon bush da matsi ake fitar da shi, ko dai da injin matsa ko da doguwar kusa mai zare da kofuna na ƙarfe. A goge ramin tas. Sabon yana da alamar fuskar da zai kalla, saboda ramukan nan na cikin roba, in aka juya shi an ɓata lissafin injiniya. Ba a shafa wa roba giris ko baƙin mai don ta shige, sai abin da kamfani ya yarda da shi. Kusoshin firam da yawa irin masu miƙewa ne idan an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su, kuma da sifana mai awo ake ɗaurewa. Na hannuwan ƙafa kuwa sai motar ta zauna a kan tayoyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A rufe da alaimen, da saita kyamarar taimakon direba idan motar na da ita.

Abin da ya shafi garejinmu

Wannan ba labarin nesa ba ne kacokan. A 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas zuwa lantarki, cire tallafin fetur a 2023 kuma ya sa masu harkar sufuri sake lissafi. Motocin za su riƙa zuwa, sababbi da na hannu, su tarar da gargada da ƙura da zafin bazara, abubuwan da roba ba ta ƙauna.

Makanikanmu gwanayen ƙafar mota ne, amma akwai dabaru uku da wannan mota ba za ta ɗauka ba. Ƙona tsohon bush da wutar walda don robar ta narke ta fita, a kusa da batirin litiyam, neman gobarar da ke da wuyar kashewa ne. Dukan firam ɗin alminiyam da guduma yana iya tsaga shi ta inda ido ba ya gani. Bush ɗin da aka yanko daga tsohuwar taya kuma, wanda ya ceci motoci da yawa a kan hanya, ba shi da bututun da aka manne masa, ba shi da ramukan da ke raba laushi da tauri, ba zai riƙe injin da ke murɗa shi gaba da baya yini guda ba. Mai garejin da ke son wannan ciniki zai fara tanadin injin matsa bush, da sifana mai awo, da mita da safar hannu, ya kuma tura yaro ɗaya ya koyo yadda ake kashe wutar kafin kowa ya kwanta a ƙarƙashin motar.