Tuɓe Majiɓincin Dukiyar Maraya da Naɗa Wani a Kotunan Alƙalai

Tun zamanin Daular Usmaniyya, alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci ne bisa mazhabar Malikiyya, da littattafai irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim. A cikinsu an bambanta mutum biyu masu riƙon dukiyar maraya. Na farko shi ne wasiyyi, wato wanda uba ya zaɓa kafin rasuwarsa. Na biyu shi ne muƙaddami, wanda alƙali ke naɗawa idan babu wasiyyi. Haka kuma akan naɗa shi don mai taɓin hankali ko mai almubazzaranci.

Tsarin kotuna ya sha sauyi. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, an karɓe kotuna daga hannun En'e a 1968, sannan jihohi da dama suka kafa kotunan Shari'a daga shekarar 2000. Amma wannan aiki bai bar hannun alƙali ba. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya sa shi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Sharaɗin majiɓinci shi ne ya kasance Musulmi, baligi, mai hankali, adali, mai iya tattali. Idan ɗaya ya gushe, kamar ha'inci ya bayyana ko tsufa ya ci ƙarfinsa, alƙali na iya tuɓe shi. Idan kuwa rauni ne kawai ba cuta ba, akan haɗa shi da wani amintacce. Sai dai ba a tuɓe mutum don an ƙi jininsa. Tilas a kawo hujja.

Na ga yadda ake yi da idona lokacin ina ƙaramin akawu a wata kotun yanki. Wata mata ta kawo ƙarar ƙanen mijinta, wanda kotu ta damƙa wa gonar 'ya'yanta uku da shanu. Ya jinginar da gonar ba da izini ba. Alƙali bai yi gaggawa ba. Ya sa na ɗauko takardar da aka lissafa dukiyar ranar naɗi, ya ce da shi, "Malam, ga abin da ka karɓa. Ina yake?"

Abin da ya ce ya kashe wajen ci da tufafin yara, an karɓa da rantsuwarsa, domin bai wuce ƙima ba. Jingina kuwa ba ta da madafa, tunda ba a taɓa gona ko gidan maraya sai da buƙata ko maslaha bayyananniya. Mai unguwa da wasu dattawa biyu suka ba da shaida. Aka tuɓe shi, aka ɗora masa fansar gonar daga aljihunsa. Daga nan aka bincika halin kawun yaran, aka naɗa shi, aka sake ƙidaya komai a gaban shaidu, ya sa hannu.

Abin lura shi ne, da babu waccan takarda ta farko, da magana ta zama ta fatar baki, kuma uwar ba za ta iya ja da dangin miji ba. Shi ya sa aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da kafa shaidu yayin miƙa wa maraya dukiyarsa, malaman Malikiyya kuma ba su karɓar da'awar an miƙa sai da shaida.

Don haka nake kira ga dattawa da malaman makaranta, domin su ne kan fara ganin maraya ya daina zuwa aji alhali mahaifinsa ya bar abin hannu. Kai irin wannan magana gaban alƙali ba tonon asirin dangi ba ne. A tabbata an rubuta, an kafa shaidu, an adana takarda har yaro ya mallaki hankalinsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.