Mai Koyon Gyaran Fiyano

A ƙasar Amurka akwai wani wuri da ake kira Tanglewood. Tun shekarar 1937 manyan makaɗan birnin Boston suke zuwa can lokacin zafi, su yi bikin kiɗa na wajen wata biyu. Dubban mutane kan taru su saurara.

Cikin kayan kiɗansu akwai fiyano, watau wani babban akwati na katako. A gabansa an jera 'yan sanduna 88, farare 52, baƙaƙe 36. In makaɗi ya danna guda, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya a ciki, ta yi amo. Tsirkiyoyin nan na ƙarfe ne, sun kuwa fi 200.

Kowa ya san garaya. In tsirkiyarta ta saki, ko ta ɗame da yawa, sai muryarta ta ɓaci. To, haka fiyano yake. In iska ta yi laima katakonsa kan kumbura, tsirkiyoyi su ɗame. Saboda haka ake kawo magyara, tare da samari da 'yan mata masu koyon sana'ar.

Mai koyo yakan tashi tun da asuba, gama aikinsa na bukatar shiru. Yakan bi ɗakunan da makaɗa ke gwaji ɗaya bayan ɗaya. Da farko sai ya kaɗa wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, wanda muryarsa ba ta sākewa. Ya daidaita tsirkiya guda da ita, sa'an nan ya daidaita sauran da wannan. Yana murɗa kowace da mabuɗi sannu sannu, yana kasa kunne. In ya yi gaggawa tsirkiya na iya tsinkewa. Fiyano ɗaya kan ci fiye da sa'a guda.

Da rana sai ya gyara sandar da ta maƙale, ko ya sake tsirkiyar da ta tsinke. Malaminsa ya zo ya duba, in akwai kuskure ya sa shi ya maimaita.

Da dare makaɗi ya hau, jama'a su yi ta tafi. Ba mai kiran sunan magyari. Amma da ya yi sakaci da tsirkiya ɗaya tak, da kiɗan duka ya ɓaci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayoyi
1. Me ke ɓata muryar fiyano?
2. Don me mai koyo ke tashi da asuba?